Don Allah a ina masu son daina giya suke haɗuwa a Kaduna?

Mai Janareta

Assalamu alaikum. Sunan nan da na sa ba nawa ba ne, ku yi mini uzuri. Saboda wannan maganar kaɗai na buɗe shi.

Shekarata 44, ina Kaduna, gyaran janareta nake yi. Mata ɗaya, yara huɗu. Na fara shan giya tun ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, ban ma yi aure ba. Lokacin kwalba ɗaya ce ko biyu ranar albashi, tare da abokan aiki. Da masaƙar ta rufe kowa ya kama gabansa, ni kuma na taho da shan. Yanzu kwalba ba ta yi mini komai. 'Yar leda nake sha, mai zafin nan. In na rufe shago sai in hau mashin in ƙetare gada, in je inda ba wanda ya san fuskata. Shekara uku ke nan kuma sai na ɓoye guda biyu a ƙasan akwatin kayan aiki saboda safiya, don in ban sha ba hannuna ba ya tsayawa.

Goro, kanumfari, turare, duk ina yawo da su saboda wari. Ina bin jam'i in ina cikin hayyacina. Duk azumi ina dainawa. Kwana ukun farko zufa ce da amai da rashin barci, sai in ce wa mai ɗakina zazzaɓi ne. In kai har Sallah ban taɓa ba, in yi ta kuka a goman ƙarshe ina cewa mun rabu ke nan. Bara ko sati ban cika ba bayan Sallah na koma. Na sha rubutu. An ba ni wani gari a zuba a kunu, wai zai sa in tsane ta. Na rantse sau biyu, na yi kaffara sau biyu.

Ranar Litinin aka kira ni gidan wani Alhaji a Unguwar Rimi, babban injinsa ya ƙi tashi. Da sassafe aka zo aka ɗauke ni a mota, ban samu na buɗe ƙasan akwatin ba. Na gano matsalar cikin minti biyar, amma ƙaramin noti guda ɗaya ya gagare ni ɗaurawa. Sau uku yana faɗuwa. Maigidan na tsaye a kaina. Sai yaron shagona, wanda ubansa ya kawo mini shi yana ɗan shekara 13, ya miƙo hannu ya ce, "Oga kawo in riƙe maka." Bai kalle ni ba. Daga yadda ya ƙi kallona na gane ya daɗe da sani.

Na taɓa gani a finafinan Turawa mutane suna zama a da'ira, kowa ya faɗi halin da yake ciki da giya, ba mai zagin wani. Na bincika a waya na ga sunan abin Alcoholics Anonymous, amma yawancin abin da ya fito mini na Legas ne da Abuja, lamba ɗaya da na gwada kuma ba ta shiga. Tambayata: akwai irin wannan zaman a Kaduna ko kusa? Ta ina ake samun su? Nawa ake biya? Za su rubuta sunana? Kuma Musulmi zai iya zama a ciki? Wa'azi na sani, ni kaina zan iya yi wa wani. Wanda ya taɓa shiga irin halin nan nake nema, in zauna kusa da shi ko da awa ɗaya ce.

Sista Maman Ilham

Wa alaikumus salam Malam. Nas ce ni, shekara 12 ina aiki a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Zan zo kan tambayarka, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai a rubutunka, dole in fara da shi.

Don girman Allah kada ka yanke ta farat ɗaya kai kaɗai a gida. Abin da kake kira zazzaɓin farkon azumi ba zazzaɓi ba ne. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar in ta shekara da shekaru a haka sai ta ƙara wuta don ta iya aiki. Kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa da injin da aka buɗe wa mai sosai saboda nauyin kaya, sannan a zare kayan lokaci guda. Haka jikinka yake yi. Rawar hannu da zufa da tashin zuciya suna farawa kamar awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. A cikin kwana biyun farko wasu suna faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu kuma akwai mai tsananin, mutum ya rikice, ya riƙa gane-gane da sambatu, zuciya na gudu, jiki ya yi zafi. Wannan yana kisa in ba a kai asibiti ba. Kuma wanda ya sha dainawa yana komawa, kamar yadda kake yi duk shekara, na gaba yakan fi na baya muni. Allah ne ya tsare ka a azumin da suka wuce.

A asibiti abu ne da muka saba da shi. Za a duba hanta da suga da hawan jini, a ba ka magani irin su diazepam na 'yan kwanaki ana ragewa a hankali, da bitamin B1 saboda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Kada ka je kemis ka saya da kanka, haɗa shi da giya haɗari ne, shi ma kuma yana kama mutum. Ba kowa ake kwantarwa ba, likita ne zai duba ya yanke. Daga baya akwai magunguna irin su naltrexone masu rage sha'awar, in hantarka ta yarda. Abin da nake roƙonka kawai, ka faɗa wa likita gaskiyar yawan da kake sha. 'Yar ledar nan wata tana kai kashi 40 cikin 100 na barasa, ta kwalba kuwa wajen kashi 5 ce. In ka rage lissafi za a rage maka magani.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da sashe na musamman na masu shaye-shaye da giya, DATER ake ce masa. Gadar da kake ƙetarewa kullum da yamma, ita ce dai hanyar. In kana gudun idon sani, asibitin koyarwa na Shika a Zariya ma yana da sashen ƙwaƙwalwa.

To, maganar zaman da kake nema. Irin waɗannan ba sa kafa allo a bakin titi, saboda sirri shi ne jarinsu. Ta hannun ma'aikata aka fi samun su. In ka ga likita, ka ce a haɗa ka da mai ba da shawara ko ma'aikacin walwala, ka tambaye shi kai tsaye: akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama? Kun san wani da ya daina wanda zai yarda in kira shi? Su suka san wanda ya tsaya da ƙafarsa. NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ma suna da layin kyauta, 0800 1020 3040, dare da rana, akwai masu ba da shawara a kai. Kuma abin da kake nema ba tatsuniyar fim ba ce. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta ga tsarin da ke haɗa mutum da tarukan Alcoholics Anonymous, wato AA, yana taimakawa wajen dainawa gaba ɗaya, a wasu ma'aunan har ya fi wasu hanyoyin ba da shawara da muke amfani da su.

Abu ɗaya: kada ka bari 'yan'uwa su kai ka gidan mari in maganar ta fito. Kana Kaduna lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa a watan Satumban 2019. Sarƙa ba ta maganin wannan ciwon.

Abu Sumayya

Ɗan'uwa Allah Ya yaye maka, wallahi na tausaya maka. Amma ina jin tsoron abu guda. Ya tabbata a hadisi cewa ana yafe wa al'ummar nan ban da masu bayyana laifinsu. Allah Ya rufa maka asiri shekara ashirin, sai ka je gaban baƙi ka tona da bakinka? Kuma na ji yawancin tarukan nan a coci ake yin su. Ni shawarata ka je asibiti kamar yadda Sista ta ce, wannan neman magani ne, babu laifi. Sauran kuma ka riƙe sallar dare da istigfari, ka canza abokai, ka lazimci masallaci tsakanin magariba da isha'i tunda lokacin ne kake tafiya. Ban faɗi don in kashe maka gwiwa ba.

Tsohon Direba

Ƙanena Mai Janareta, sannu. Na girme ka da fiye da shekara goma, don haka bari in kira ka haka. Tirela na ja shekara 22, Kaduna zuwa Legas, wani lokaci Fatakwal. A Mararrabar Jos da Tafa babu rumfar da ban sani ba. Watan gobe in Allah Ya kai mu zan cika shekara biyar ban sa ta a bakina ba. Akwatinka da ka ce, ni a bayan kujera nake ajiye tawa, cikin jarkar man birki da na wanke.

Yadda na samu taron ba wata dabara ba ce. An kwantar da ni kwana 11 bayan na faɗi a gareji. Ranar sallama wata ma'aikaciya ta rubuta mini lamba a bayan katina, ta ce wannan mutumin ya kwanta a gadon da ka kwanta, ka kira shi. Na yi sati uku da katin a aljihu. Ranar da na kira, ina tsaye ne a gaban mai sayarwa da kuɗi a hannuna. Ya ce kana ina, na faɗa masa. Ya ce kada ka kashe wayar, ka juya ka fara tafiya, muna magana. Mun yi minti arba'in, katina ne ya ƙare. Ranar Asabar ya zo har Mararaba inda nake zaune yanzu, ya ɗauke ni zuwa cikin Abuja.

Ga abin da na tarar, don ka san abin da za ka gani. Aji ne na makaranta, kujerun roba, mutum tara. Akwai lauya, akwai mai gadi, akwai wata uwa da 'ya'yanta sun yi aure. Awa ɗaya cif. Aka karanta wani ɗan rubutu, sannan kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya yi magana minti uku ko huɗu a kan kansa. Ba a katse mutum, ba a ba shi amsa, ba a yi masa nasiha. Da aka zo kaina na ce yau saurare zan yi, aka ce madalla, aka wuce. Wata guda ina zuwa ban ce uffan ba. Ba rajista, ba kati, ba mai tambayar unguwarku. Kuɗi kuma babu. Ana zagayawa da ɗan kwano saboda shayi da hayar ɗaki, mai ɗari biyu ya sa, marar shi ya miƙa gaba. Ƙa'idarsu ce ma ba sa karɓar tallafi daga waje. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, kana son ka daina. Ko da warinta a bakinka ka zo, ba za a kore ka ba.

Taron iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya zuwa, har iyali ko ɗalibin likita. Akwai rufaffe, na masu matsalar kaɗai. In ka samu lamba ka tambaya wanne ne, da wane yare ake yi, sannan ka roƙi wanda ya ɗauka ya tare ka a bakin ƙofa. Shigar farkon nan ita ce dutsen. Mu da Turanci ake buɗewa, amma in magana ta kai magana kowa da abin da ya zo bakinsa yake yi, Hausa, Turancin buroka, duk ana ganewa.

Ka kuma san na bogi. Duk inda aka ce ka biya kuɗin fom, ko ana sayar da wani magani a kwalba, ko mutum ɗaya ne shugaba kowa na durƙusa masa, ko an ɗauko waya za a yi hoto, ko an ce ka bar maganin likita, tashi ka kama hanya. A na gaskiya ba mai ba ka magani, ba mai ba ka rance, ba mai nema maka aiki. Jagora za ka samu, wanda ya riga ka dainawa, kana kiransa in abin ya taso. Namiji da namiji, mace da mace.

Malam Abu Sumayya, maganarka ta hana ni barci a farkon zuwana, don haka ba zan raina ta ba. Na kai ta wurin limamin unguwarmu, dattijo ne mai karatu. Ya ce in duba ƙarshen hadisin: mutumin da ake nufi shi ne wanda Allah Ya suturta shi da dare, gari ya waye yana cewa wane, jiya na yi kaza da kaza. Ya ce wannan daban, wanda ya buɗe ciwonsa gaban mai taimaka masa ya rabu da shi daban. Ya kuma tuna mini da sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, saboda giya, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Yana cikin Buhari. Na yi kuka a zauren limamin nan kamar yaro. Kuma a taron ba a ce ka lissafa zunubanka ba. Ni abin da nake faɗa bai wuce, jiya na wuce ta gaban wurin, ƙafata ta yi nauyi, na kira jagorana.

Maganar coci gaskiya ce, da yawa a harabar coci ko makarantarsu ake samun ɗaki, saboda su suke bayarwa da araha. Ɗakin kawai ake haya. Matakai 12 da ake bi suna maganar miƙa lamari ga Allah gwargwadon yadda kowa ya san Shi, ba a taɓa ce mini in canza ko harafi ɗaya a addinina ba. In suna addu'ar rufewa da ba tawa ba, shiru nake yi in karanta tawa a zuci. In la'asar ta kama ni a can in fita baranda in shimfiɗa darduma, wani Kirista a cikinmu shi yake nuna wa sababbi alƙibla. Shawararka ta zama a masallaci tsakanin magariba da isha'i kuwa, ita nake bi har yau. Biyun nake haɗawa. Masallaci na da shi tun ina sha. Abin da ban da shi shi ne mutumin da zan kira ƙarfe ɗayan dare in ce masa ga ni a gaban mai sayarwa, bai yi salati ya kashe waya ba.

Ƙanena, ko ba ka samu taro a Kaduna a wannan watan ba, kada ka ce babu. Abin nan na AA gaba ɗaya da mutum biyu ya fara. A 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York, Bill Wilson, ya je garin Akron a jihar Ohayo kan wata harka, harkar ta rushe. Yana da 'yan watanni da dainawa, yana tsaye a otal yana jin hayaniyar mashaya. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi wa magana, don shi kansa ya tsira. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa gamawa da shi. Daga hirar mutum biyun nan ne. Mahaifiyata tana Kawo, duk ƙarshen wata ina zuwa gaishe ta. In ka yarda, mu haɗu wurin mai shayi, kai ka zaɓi unguwar. Na tura maka lambata ta saƙon sirri.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Ni mutumin Zinder ne amma ina Bronx a New York, tasi nake ja. Wata 19 gare ni. A nan taro kamar masallatan Kano ne, kowace unguwa akwai, wata manhaja ce mai suna Meeting Guide take nuna maka na kusa da kai da lokacinsa. Amma duk da haka ni ban fara da na unguwa ba, don ina tsoron in yi karo da ɗan garinmu ko wanda muke sallar Juma'a tare. A waya na fara, a cikin mota, na faka a gefen titi.

Shi nake so in faɗa maka. Tun lokacin korona taruka da yawa suka koma Zoom kuma ba su sauka ba. Ka rubuta Online Intergroup of Alcoholics Anonymous a wurin bincike, za ka ga jeri, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya. Ba sai ka kunna kyamara ba, hakan ma ya fi sauƙin data. Suna kuma ka sa wanda ka ga dama. Ka lura da agogo kawai: Najeriya tana gaban New York da awa 5 in ana zafi a nan, awa 6 in ana sanyi. Ingila ta fi kusa da ku, bambancin bai wuce awa ɗaya ba, wani lokacin ma babu. 'Yan'uwa na Nijar da Turanci ya yi wa nauyi, akwai na Faransanci, Alcooliques Anonymes.

Tunda ka tambayi maganar Musulunci, akwai Millati Islami, Musulmin Amurka ne suka kafa ta a Baltimore a 1989. Matakan nan 12 suka ɗauka suka gina su a kan Alƙur'ani da hadisi, su ma suna zama ta intanet. Ranar da na fara jin an buɗe taron masu shaye-shaye da Fatiha, sai da na kifa kaina a sitiyari. Akwai kuma SMART Recovery, tun 1994, su ba ruwansu da maganar addini, dabarun sarrafa sha'awa da tunani suke koyarwa. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Na farkon da na shiga ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, surutu ya yi yawa. Na huɗu ne ya zama nawa.

Amma gaskiya waya ba ta kai mutum ba. Ka riƙe Baba Direba da kyau.

Uwar Biyu

Malam, ni ba na sha, maigidana ne yake sha, shekara 16 muna tare. Abu ɗaya zan ce. Mai ɗakinka ta san ba zazzaɓi ba ne. Ita take wanke kayanka, ita take jin yadda kake saka makulli a ƙofa. Tana yin shiru ne don ta rufa maka asiri, kai ma kana yin shiru don kada ta sani, kowa na ɗauke da kayan shi kaɗai a ɗaki guda. Ni ranar da nawa ya zauna a bakin gado ya ce Maman Biyu ina da matsala, ki raka ni asibiti, wallahi ban ji haushi ba, ji na yi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Bai daina a lokacin ba, sau biyu yana komawa, yanzu dai muna wata na takwas.

Kuma Sista ta ce kwanakin farko da haɗari. Wa zai kwana kusa da kai ya lura in jikinka ya rikice in ba ita ba?

In ta yarda, mu ma iyalai akwai namu zaman, Al-Anon sunansa, tun 1951 matar shi wancan Bill ɗin da wata abokiyarta suka fara shi. Ta waya nake shiga. A nan na koyi daina ƙirga masa leda a kwandon shara da daina yi wa abokan aikinsa ƙaryar ba shi da lafiya. In tana so ta yi magana da mace irinta, ka turo mini saƙo in ba ta lambata.

Mai Janareta

Ku yi haƙuri da shiruna, kwana 12 ke nan. Na karanta duka, wasu sau da yawa. Allah Ya saka wa kowa, har da Malam Abu Sumayya, don tambayar da ka yi tana cikin raina ni ma, na kasa furtawa ne.

Hajiya Uwar Biyu, gaskiyarki. Na faɗa mata daren Laraba bayan yara sun kwanta. Ta ce tun tana goyon na biyu ta sani. Ta tashi ta buɗe ƙasan adakarta ta ɗauko dubu goma sha takwas na adashi, ta ce mu tafi da safe. Ta roƙi lambarki.

Sista, na faɗa wa likita gaskiya, leda bakwai zuwa takwas a rana. Ya ce ba zai bar ni in yi a gida ba. Kwana shida na yi a kwance. Dare na biyu ba zan so wa maƙiyina shi ba, amma ban faɗi ba. An ce hantata ta fara kumbura, in dawo bayan sati huɗu a sake gwaji. Na yi tambayar da kika ce in yi, kalma da kalma. Matar ta fita ta yi waya, ta dawo ta ce akwai wani tela da ya shekara biyu da dainawa, su uku suke zama a shagonsa ranar Asabar bayan la'asar in ya sallami yaransa, ya ce in zo. Ba su da suna, ba su da allo. Jibi ne. Ya ce zai tsaya a bakin layi da tef a wuya don in gane shi.

Ɗan Damagaram, na shiga na waya sau biyu da dare. Turancinsu yana mini sauri, rabi nake kamawa. Wani tsoho ya ce shi ma a akwatin kayan aiki yake ɓoyewa, wannan kam na ji shi sarai.

Yaron shagona ya riƙe shagon duk kwanakin nan, har ya gama aikin Unguwar Rimi. Na ba shi akwatin na ce ya kwashe abin da ke ƙasa ya zubar a kwata. Ya ce ya riga ya zubar tun ranar da aka kwantar da ni.

Baba Direba, na ga saƙonka, ƙarshen wata ina nan, akwai mai shayi kusa da Kasuwar Barci. Amma gobe Juma'a wani zai biya ni kuɗin aiki, dubu talatin a hannu, wajen ƙarfe biyar. Na ce wa yaron shi zai karɓa ya kai gida. Duk da haka lokacin nan ne mashin ɗina yake juyawa wajen gada. In na kira ka wajen biyar da rabi za ka samu ɗauka?

Tsohon Direba

Zan ɗauka. Ka sa kati tun da rana. In layina bai shiga ba ka kira telan, ka karɓi lambarsa yau, kada ka jira Asabar. Mashin ɗin kuma ka bar shi a gida gobe, ka hau Keke.